Ranar da Mutanen Tverrmo Suka Ƙara Tsawo

Halvard Ommestad ya sauko daga jirgin ƙasan Oslo ranar Litinin da akwati biyu, da safar hannu ta fata mai laushi, da wani shiri da ya ce zai girgiza Norway tun daga kudu har can inda rana ba ta faɗuwa. Kafin ya kai ƙofar shagon gidansu ya riga ya gaya wa mutum shida. Na bakwai shi ne Oddvar mai gidan burodi, wanda bangonsa da na shagon ɗaya ne, kuma tun suna firamare bai taɓa barin maganar Halvard ta wuce lafiya ba.

"A'a, wa nake gani haka?" in ji Oddvar, yana karkaɗe gari daga hannunsa. "Oslo ce ta gaji da kai, ko kai ka gaji da ita?"

"Alli na zo karɓa," in ji Halvard.

"Alli? Kai da ko sunanka sai malama ta riƙe maka hannu?"

"Ka ci gaba da gasa burodinka, Oddvar. Ranar Lahadi za ka ga abin da ake kira zamani."

Allin da ake magana ba wani abu ba ne, guntu ne fari da bai kai ɗan yatsa ba. Amma a Tverrmo duk wanda yake riƙe da shi, shi ne mai shagon Ommestad. Kakan Halvard, Eilert, ya fara abin a 1949, lokacin shagon rumfa ce kawai a bayan gida inda yake sassaƙa katakan zamiya, dogayen katakai biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara. Ya lura mutane suna sayen katakai masu kyau, su shafa musu kaki, wani maiƙo mai kama da kakin zuma, amma irin wanda bai dace da ranar ba, sannan su dawo suna zaginsa. To kakin da ake shafawa a ƙarƙashin katako, daidai inda ƙafa take, shi ne komai. In ya dace da dusar ƙanƙarar ranar, katako ya kama in ka taka, ya zame in ka saki. In bai dace ba, ko ka yi ta sulɓi kana komawa baya, ko ƙanƙara ta manne maka.

Sai Eilert ya rataya baƙin allo a ƙofa. Kullum da safe ya zagaya bayan shago, ya cire safar hannu, ya damƙi ƙanƙara da tafinsa. In ta zube kamar gari kuma ta ciji fata, ya rubuta "kore" ko "shuɗi". In ta dunƙule, "ja". In ta ɗiga ruwa, ya rubuta "danƙo", wato wannan mai yauƙin da ake matsowa daga tube. Kalma ɗaya tak, sunan irin kakin da za a shafa a ranar. Gari kaf ya karanta ya bi.

Ɗansa Arne ya gaji allin, ya ƙara ƙwallo da kekuna da ƙugiyar kamun kifi. Sau ɗaya ya taɓa kuskure, a 1971, ya rubuta ja a ranar shuɗi, kuma sai da ya tsaya a ƙofar coci ya ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasu allin ya koma hannun matarsa Borghild. Yanzu shekarunta saba'in da takwas, kuma ta sanar cewa ranar Lahadi, ranar da shago zai cika shekara saba'in da biyar, wadda ta zo daidai da ranar tseren shekara, za ta miƙa allin ga ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu.

Kowa ya ɗauka Tordis ce. Shekara ashirin da shida tana ɗakin baya tana gyaran katakai, ba ta da yawan magana, kuma ta san nauyin kowane mutum a garin ba tare da ta tambaye shi ba. Shi kuwa Halvard, wanta, shekara ashirin da biyu yana Oslo yana abin da yake kira harkar wasanni. Ya sayar da kujerun tausa, ya sayar da ruwan kwalba mai ƙara kuzari, kuma ya taɓa riƙe wa wani zakaran tsere jaka a filin jirgi, labarin da duk shekara jakar take ƙara nauyi, zakaran yana ƙara zama amininsa.

A teburin cin abinci ya baje shirin.

"Mama, duba nan. Shekara saba'in da biyar muna wahalar da mutane. Kore, shuɗi, ja, danƙo. Mutum ya tashi da safe sai ya zo ƙofarmu kamar mai neman magani. Ni na haɗa kaki ɗaya. Ɗaya! Ko wane irin yanayi, shi ne. Kakin Halvard."

Borghild ta ci gaba da yanka cuku. "Ka gwada shi?"

"A ƙwaƙwalwata ya gama gwaduwa."

"Can ai kullum rana ake yi," in ji Tordis.

"Ke, ba da ke nake ba. Mama, ni ne babba. Ki ba ni mako ɗaya kawai. Ki sauke allon nan, kada ki rubuta komai, ki bar ni in shirya wa 'yan garinmu katakansu na tsere. In butar ta zauna a Tverrmo, ki ba ni allin."

Butar jan ƙarfe ce ta dafa kofi, ita ake tsere a kai tsakanin Tverrmo da Nesbu, ƙauyen da ke ƙetaren tafki. Garin da mutanensa goma suka fara tsallake layi, su ke da buta. Waɗanda aka kayar kuwa su ɗaura atamfar kicin, wato ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba, su zuba wa masu nasara kofi a zauren gari. Shekara goma sha ɗaya ke nan mutanen Nesbu na ɗaura atamfa.

Borghild ta dubi ɗanta, ta dubi safar hannunsa da ko a kan tebur ya ajiye ta kusa da faranti kamar baƙuwa.

"Na ba ka mako ɗaya. Ba zan rubuta komai ba. Amma allin yana aljihuna."

Ranar Talata Halvard ya ɗauko babbar tukunyar da uwarsa take dafa 'ya'yan itace da sukari, ya ɗora a ɗakin baya. Ya narka kore, ya zuba shuɗi, ya ƙara ja, ya matse danƙo tube goma sha biyu. Ya zuba kwalta kaɗan don girmama kakansa da yake shafa wa katakai ita, da wani ruwa daga kwalba marar suna da ya zo da ita daga Oslo. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe hayaƙi ya fara fita ta taga, mai launin da ba a taɓa gani a Tverrmo ba.

'Yan kwana-kwanan garin duk 'yan sa-kai ne, shugabansu kuma Oddvar. Ya shigo da hular ƙarfe a kai, gari har gwiwar hannu, bayansa Fasto Torleif yana jan tiyo. Faston mutum ne gajere ƙwarai, har sai da aka sa masa akwati a bayan mumbari don jama'a su riƙa ganin fuskarsa.

"Ina wutar?" in ji Oddvar.

"Babu wuta. Bincike ake yi."

Fasto ya leƙa tukunyar a kan yatsun ƙafa, ya ja baya da sauri yana tari. "Halvard, shekara talatin ina ba mutane labarin wurin da masu zunubi za su je, ban taɓa sanin warinsa ba sai yau."

"Warin ci gaba ne, Fasto."

"To ka buɗe wa ci gaban taga," in ji Oddvar, "kwastomomina sun fara tambaya ko taya nake gasawa."

Ranar Laraba aka sauke baƙin allo. A gurbinsa Halvard ya kafa allon lantarki mai walƙiya, da wata 'yar na'ura mai auna sanyi da ya ce daga Jamus aka kawo. Ya hau tsani ya ɗaure ta a bangon gefe, inda ya ga iska ba ta dukanta. Tordis ta fito da kofin kofi, ta ɗaga kai ta duba.

"Halvard, wajen nan bututun tandar Oddvar yake fitowa."

"Na gani."

"Zafi yake fitarwa."

"Tordis, Tordis. Na'urar Jamus ce. Ta san bambancin burodi da yanayi."

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa, an ji. Koma ɗakinki."

Ta koma. Amma da yammacin ranar ta ɗauko duk abin kankare kaki da ke shagon, ta jera su cikin kwando, ta sa kwalbar man goge danƙo a kai, ta tura kwandon ƙarƙashin tebur.

Sai ga shi ranar Alhamis sama ta yi wa Halvard gata. Iskar kudu ta taso, rufin gidaje suka fara ɗiga, ƙanƙarar titi ta jiƙe sharkaf. Ranar danƙo ce sak, kuma rabin abin da ke tukunyarsa danƙo ne. Ya shafa wa katakansa, ya sa wasu matsattsun kayan tsere ja da suka bayyana duk abincin da ya ci a Oslo, ya hau gangaren bayan coci a gaban jama'a. Katakan suka kama. Ya juyo, suka zame. Ya sake hawa, suka sake kamawa.

"Kun gani?" ya yi ihu daga sama. "Ko allo ban duba ba!"

Har Oddvar sai da ya sosa ƙeya. "Kai, ko dai wawan nan ya yi sa'a ne?"

"Ranar ce ta yi masa," in ji Tordis.

"Hassada!" in ji Halvard, ya zo ya tsaya a gabanta yana haki. "Ku ji ta fa. Jama'a, kyauta ce ta cikar shekara saba'in da biyar! Duk mai tsere ranar Lahadi ya kawo katakansa, da hannuna zan shafa!"

Mutanen Tverrmo suna da hankali, amma ba su da ƙarfin jure kalmar kyauta. Kafin a rufe shago mutum sittin da huɗu sun kawo.

Juma'a da Asabar Halvard ya yi ta shafa. Bai shafa siriri yadda aka saba ba, ya ce rowa ce ta hana magabata ci gaba, ya lafta shi da kauri tun daga gaba har baya. Abin kuwa ya fara yawo a shagon. Ya hau mariƙin ƙofa. Mai kawo wasiƙu ya shigo da wasiƙa ɗaya ya fita da rasit uku a tafin hannu da hular yara a gwiwar hannu. Kyanwar Borghild ta bi ta kan teburin aiki, aka same ta a tsakiyar shago tana tafiya da alamar farashin keke a ƙafar baya.

"Ka sa mata araha," in ji Oddvar da ya leƙo. "Ni zan saya."

Da la'asar ɗin Asabar iska ta juya arewa. Ɗigar rufi ta tsaya. Sabuwar ƙanƙara ta fara sauka, busasshiya, mai laushi kamar garin alkama. Tordis ta tsaya a taga tana kallo.

"Halvard, zo ka gani."

"Ina aiki."

"Fita ka taɓa ta. Minti ɗaya."

"In taɓa? Da wannan safar? Kin san daga inda aka kawo ta?"

"Cirewa ake yi."

"Kakanmu ya cire don ba shi da na'ura. Gobe allo zai faɗa."

Safiyar Lahadi sanyi ya kai digiri goma sha ɗaya ƙasa da sifili, irin wanda gashin hanci yake daskarewa. Oddvar kuwa tun asuba tandarsa take ci, burodin kirfa ɗari huɗu yake gasa wa 'yan tsere. Allon lantarki ya yi walƙiya ya rubuta: biyu sama da sifili.

Mutane suka taru suna duban allon, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi.

"Biyu sama da sifili?" in ji Fasto Torleif, haƙoransa na haɗuwa. "Ni kuwa ba na jin yatsun ƙafata."

"Tsufa ne, Fasto," in ji Halvard. "Jiki yana ƙarya. Na'ura ba ta yi." Da ya ga lambar, sai ya ƙara wa kowa danƙo layi ɗaya don tabbatarwa.

Borghild ta fito ta bayan shago, hannunta na dama ja wur don sanyi. Wasu tsofaffin mata uku suka tare ta.

"Borghild, tsakaninki da Allah, yau wace rana ce?"

"Na yi alkawari ba zan rubuta ba."

"Ai ba rubutawa muka ce ba."

"Ba kuma zan faɗa ba." Ta gyara hularta. Shuɗiya ce, sabuwa, da shuɗin mayafin wuya, da shuɗiyar safa. Matan suka dube ta sama da ƙasa, suka dubi juna, suka juya gida da sauri ba sallama.

A bakin tafki aka jeru, Tverrmo a dama, Nesbu a hagu. Shugabar 'yan Nesbu, Aslaug, wata doguwar ma'aikaciyar jinya da ta gaji da ɗaura atamfa, ta matso tana shinshina iska.

"Me ke wari haka? Kwalta kuke zuba wa tafkin?"

"Warin kayenku ne," in ji Halvard. Yana sahun gaba, cikin jan kayansa, ya ɗaura tutar shago a baya. "Ki fara neman atamfar da ta yi miki, Aslaug."

Ta sunkuya ta duba ƙarƙashin katakonsa, ta miƙe a hankali. Ta koma wajen mutanenta ta raɗa musu wani abu, sai aka ga kafaɗunsu na rawa.

Aka harba bindiga.

Taku goma na farko Tverrmo ce a gaba, don katakansu sun kama ƙasa kamar an buga ƙusa. "Kun gani?" in ji Halvard. A taku na ashirin aka fara jin wani sauti, kif, kif, kif. Busasshiyar ƙanƙarar nan ta samu danƙo, ta manne. Wadda ta manne ta kira 'yar'uwarta. Duk taku sai dunƙulen ƙarƙashin katako ya ƙara kauri. Zamiya ta tsaya cak. Mutum sittin da huɗu suka koma ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar masu tsallake kwata.

Kuma suna ta yin sama.

"Halvard!" Oddvar ya ƙwala kira. "Me ya sa nake hango rufin gidana?"

"Ku ci gaba! Yana ɗumama ne! Sai ya ɗumama yake sakin jiki!"

"Sandunana ba sa kai ƙasa!" in ji wata malamar makaranta, tana lilo da sandunan da ake dogarawa a tura jiki.

'Yan Nesbu suka zo suka wuce, sumul, kamar ana jan su da zare. Aslaug ta rage gudu daidai Fasto Torleif, wanda yanzu yake tsaye a kan dunƙule biyu masu tsayin bokiti, yana lilo. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Barka da safiya, Fasto. Ka girma."

"Aslaug," in ji shi, "shekara sittin ina roƙon wannan, amma ba ta wannan hanyar ba."

Halvard ya ga abin yana neman lalacewa, sai ya yanke shawarar nuna misali. Akwai gangare a gaba, mai sauka zuwa kan tafki, inda 'yan kallo suka fi taruwa. Ya tako har bakinsa da ƙyar, ya juyo ga mutanensa.

"Matsalarku tsoro! Gudu yake so! In ya ji gudu, ƙanƙarar da kanta za ta kakkaɓe. Ku duba ni!"

Ya durƙusa irin na zakarun tsere, ya soke sanduna, ya tura da duk ƙarfinsa. Jikinsa ya tafi. Katakan suka ce ba inda za su. Ya fice daga takalmi ɗaya, ya wuntsila, ya faɗa kan katakon da ya bari, danƙon ya kama bayan wandonsa. Ya mirgina ya sake mirginawa. Duk juyi yana ɗaukar wani abu: ƙanƙara, ganyen bishiya, tutar shago, ɓawon lemon da 'yan kallo suka yar. Da ya kai ƙasa ba a ganin ja ko kaɗan. Wani farin dunƙule ne mai ƙafa ɗaya a sama, katako manne a gadon baya, sanduna biyu manne a safar hannu.

Wani kare ya zo ya shinshina shi, ya tafi da ɓawon lemo a hanci.

"Kada kowa ya taɓa shi!" Oddvar ya yi ihu daga sama. "Duk wanda ya taɓa shi ya zama ɗan gidan Ommestad har abada!"

Daga cikin dunƙulen murya ta fito. "Kun ga kamun? Kun ga irin kamun da yake yi?"

A kwanar farko Tordis ta riga ta kafa tebur, da kwandonta, da kwalbar mai, da kakin shuɗi jere. Ba ta ce wa kowa ai na faɗa ba. Duk wanda ya iso tana cewa, "Ɗaga ƙafa. Ɗaya. Kawo ɗayar." Amma kakin Halvard ba ya barin katako da daɗin rai. Kafin ta kankare na mutum biyar, 'yan Nesbu sun kewaye tafki.

Mutum goma na farko duk Nesbu. Na ashirin ma Nesbu. Na talatin ma. Mutum na talatin da ɗaya ita ce ta farko daga Tverrmo: Borghild Ommestad, shekara saba'in da takwas, a kan tsofaffin katakan da surukinta Eilert ya sassaƙa, cikin shuɗiyar hula, ba ta ko haki. Bayanta tsofaffin matan nan uku, suna hira.

A zauren gari aka raba atamfa. Shekara goma sha ɗaya suna ninke a akwatin Nesbu, kuma Aslaug ta taho da su a mota tun safe, ta ce haka kawai zuciyarta ta ba ta. 'Yan Nesbu suka baje a kujeru suna miƙa kofuna.

"Oddvar, ɗan ƙara mini. A hankali, kada ka zubar, ka ga ba ka saba ba."

"Fasto, ya na ga ka koma yadda kake? Ɗazu fa har na fara jin tsoronka."

A tsakiyar wannan aka shigo da Halvard. An ɓamɓare katakon bayansa tare da wani yanki na wandon, an ɗaura masa atamfa ta baya maimakon gaba. An zare sandunan, amma safar tana hannunsa, baƙa ƙirin da danƙo. Da wani mai hankali ne, da ya nemi kujerar ƙarshe ya zauna. Halvard ya nufi gaba ya hau dandamali.

"Jama'a, kada mu yi gaggawar yanke hukunci. A kimiyyance, abin da ya faru yau nasara ce. Matsalar ba daga kakin ba ce. Ƙanƙarar ce ba ta dace ba."

"A mayar da ita inda aka sayo!" in ji Oddvar.

"Na'ura ta ce biyu sama da sifili!"

"Gaskiya ta faɗa," in ji Oddvar. "Ranar burodin kirfa ke nan. In ina gasa na alkama har biyar take kaiwa."

Dariya ta ɓarke har 'yan Tverrmo masu atamfa. Sai Borghild ta miƙe. Ta taka zuwa dandamali, ta sa hannu a aljihu, ta fito da allin, ta ɗora shi a tafinta.

"Na ce yau zan miƙa shi," in ji ta.

Halvard bai jira sauran ba. Ya kai hannu ya cafke. "Na gode, Mama! Na san ke kaɗai kike hangen nesa. Jama'a, a matsayina na sabon..."

"Ban gama ba. Ba ni."

Ya buɗe hannu. Allin bai faɗo ba. Ya girgiza, yana nan. Ya sa ɗayan hannun ya cire, hannayen biyu suka haɗe kamar mai addu'a.

"Ka ga ikon Allah," in ji Fasto. "Tun yana saurayi nake fama ya yi haka."

"Cire safar," in ji Borghild.

"Mama, daga Italiya fa..."

"Halvard. Cire."

Ya zare hannayensa a hankali, farare sol, masu laushi kamar na jariri. Borghild ta ɗauki safar biyu da allin a tsakiya, ta riƙe da yatsa biyu ta gefen da ba danƙo, ta miƙa wa 'yarta.

"Ga shi, Tordis. Sai kin kankare."

"Na saba," in ji Tordis.

Ana tafi, Borghild ta buɗe tagar da ke bayan dandamali, ta ɗebo ƙanƙara cike da hannu daga bakinta, ta kamo tafin ɗanta ta zuba masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Me ka ji?"

Halvard ya yi tsalle. "Wayyo! Sanyi! Mama, sanyi ne kamar me!"

"Ta dunƙule?"

Ya buɗe hannu. Ƙanƙarar ta zube ƙasa kamar gari. Ya daɗe yana kallonta.

"Shuɗi," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Maimaita, na baya ba su ji ba," in ji Aslaug.

Washegari baƙin allo ya koma ƙofa, da rubutun Tordis ƙanana a tsaye. Halvard yana ɗakin baya da katakai ɗari da goma sha takwas da suka rage, da abin kankarewa ɗaya. Wajen ƙarfe goma Oddvar ya leƙo da burodi biyu a takarda.

"Sauran abin nan na tukunya, kana so?"

"Me za ka yi da shi?"

"Rufin rumfata ke yoyo. Jiya na gwada kaɗan, ko ɗigo."

Halvard ya ajiye abin kankarewa. Idonsa ya fara ƙyalli. "Ko ɗigo? Oddvar, ka san gidaje nawa ne ke yoyo a ƙasar nan? Tun daga kudu har..."

"Halvard," Tordis ta kira daga kanti, ba ta ko ɗago kai ba. "Katakan Fasto ne a gabanka. Da rana zai zo karɓa."